Jona babban makirufo da tabilet: me ya sa kebul kaɗai ba ya isa?

Duk wanda ya fara son ɗaukar murya da tabilet, ko karatun malam ne, ko hira, ko waƙa, ko karanta littafi don a ɗora a YouTube, tambayarsa ta farko kusan ɗaya ce, wai wane kebul zan saya in jona wannan makirufon da tabilet ɗina? Ya samo makirufo mai kyau irin na situdiyo, ya duba gindinsa ya ga ƙusoshi uku, ya duba tabilet ya ga ɗan ramin caji ko na iyafis, sai ya ɗauka ai magana ce ta kan da zai shiga nan da kan da zai shiga can. Kuma a kasuwa akwai kebul ɗin, ka shiga Farm Centre ko layin Beirut a Kano za ka samu mai XLR, wato kan da ke shiga ƙusoshin nan uku, a gefe ɗaya da siririn jak a ɗaya gefen. Ka saya ka zo gida ka jona, ko dai shiru kake ji, ko murya can ƙasa kamar mai magana a cikin bargo, ko kuma ka yi ta murna yana ɗauka alhali ɗan makirufon jikin tabilet ɗin ne ke aiki, babban naka yana zaune ne kawai a matsayin ado.

Abin da ke faruwa shi ne, tsakanin bakinka da fayil ɗin da ke ajiye a tabilet akwai ayyuka uku da dole wani abu ya yi su, kuma kebul ba ya yin ko ɗaya. Na farko ƙara wa siginar ƙarfi. Abin da makirufo ke fitarwa wuta ce ƴar mitsitsiya, ƴan milibolt kawai, wato kaso ƙalilan cikin dubu na bolt ɗaya, sai an ninka ta sau ɗaruruwa kafin ta zama abin amfani, kuma mai wannan aikin shi ake kira firiyam. Kamar sanƙira ne a gaban sarki, sarki ya yi magana ƙasa-ƙasa shi kuma ya ɗaga ta jama'a su ji, idan sanƙiran bai iya ba to sai ya haɗa da nasa surutun. Na biyu ba makirufon wuta idan irin mai buƙata ne. Na uku mayar da siginar lambobi da na'ura ke ganewa. Tabilet tana da nata masu yin waɗannan ayyuka a ciki, amma fa an ƙera su ne don ɗan makirufon iyafis na amsa waya, ba don makirufon situdiyo ba.

Su ƙusoshin nan uku na XLR ba banza aka yi su ba. Ta ɗaya ita ake ce wa ta ƙasa, wato giraun, mai kare siginar, ta biyu da ta uku kuma muryar suke ɗauka su biyun amma ɗaya a juye take. Duk wata ƙara da kebul ya kwaso a hanya tana shiga su biyun daidai wa daida, to idan suka isa firiyam sai ya juya ɗayar ya haɗa su, muryar ta ƙaru ƙarar kuma ta cinye kanta. Shi ya sa za ka ga an ja kebul ɗin XLR mita hamsin a filin taro kuma murya na fita tas. Da zarar ka sa kebul mai mayar da shi siririn jak, ka zubar da wannan kariyar gaba ɗaya.

Sai kuma ka san wane irin makirufo ne a hannunka, don nan ne rabin rigimar take. Akwai dainamik, irin su Shure SM58 da aka fara fitarwa tun 1966 kuma har yau shi ne a hannun mawaƙa da masu jawabi, wannan ba ya buƙatar wuta, motsin iskar muryarka ne ke kaɗa wani ɗan naɗin waya a cikin maganaɗisu ya haifar da siginar. Yana da juriya, ya faɗi ƙasa a ɗauka a ci gaba, kuma ba ya kwaso duk abin da ke motsi a unguwa. Akwai kuma kondensa, irin su Audio-Technica AT2020 ko Rode NT1, shi kam sai an ba shi wuta bolt 48 ta cikin kebul ɗin XLR ɗin nan, ita ake ce wa fantom, za ka ga ɗan maɓalli an rubuta 48V. Babu tabilet ɗin da ke ba da wannan wutar, babu ita. Ramin iyafis ɗan abin da yake bayarwa bai wuce bolt biyu zuwa uku ba.

A nan ne wasu ke cewa to ai ni BM-800 nake da shi kuma yana aiki ba 48V. Gaskiya ne yana yi, domin abin da ke cikinsa ɗan ƙaramin kan makirufo ne irin mai aiki da ƙaramar wuta, an dai sa masa babbar riga ne mai ƙyalli. Shi da abokiyar tafiyarsa V8, akwatin nan mai maɓallan tafi da dariya da eko, suna yin aikin laif na TikTok daidai gwargwado kuma ban raina su ba, da su mutane da yawa suka fara. Amma V8 ba ta ba da 48V, saboda haka ranar da ka samu kondensa na gaske ka jona mata kada ka ce makirufon ne ya lalace.

Hanyar ramin iyafis, ga masu tabilet ɗin da har yanzu take da shi, tana da nata tarkon. Ɗauki jak ɗin ka ƙirga baƙaƙen zobban da ke jikinsa. Mai zobe biyu TRS ne, na hedfon zalla ko na kyamara. Mai zobe uku TRRS ne, shi ne ke da hanyar makirufo, kuma shi kaɗai tabilet ke ganewa a matsayin an jona mata makirufo. Idan ka cusa mai zobe biyu sai ta ɗauka hedfon ne kawai, ta ci gaba da ɗauka da na jikinta. Har a cikin masu zobe ukun ma akwai tsari biyu, CTIA wanda Apple da kusan duk na'urorin yanzu ke bi, da OMTP na tsofaffin Nokia wanda aka musanya wurin ƙasa da na makirufo. Idan dole ta wannan hanyar za ka bi, akwai ƙananan akwatuna irin iRig Pre masu batir a ciki, ka sa XLR ta gefe ɗaya, su ƙara ƙarfi su ba da 48V, su fita ta TRRS. Yana aiki, sai dai har yanzu tabilet ce ke mayar da muryar lambobi da ɗan abin da take da shi, layi ɗaya ne tak, kuma sau da yawa na'urar kan yi ta ɗaga murya tana saukewa da kanta, ka yi shiru na daƙiƙa biyu sai ka ji shuuu ya taso.

Hanyar da ni nake ganin ita ce hanya, ita ce intafes, abin da ƴan situdiyo suka fi kira sawun kad. Akwati ne da ya haɗa ayyukan nan uku duka, makirufo ya shiga ta XLR, lambobi su fita ta USB, tabilet ba ta da aiki sai ajiyewa. Focusrite Scarlett Solo ko 2i2, Behringer UMC22 ko UMC202HD, duk suna cikin waɗanda aka fi gani. Akwai ma wanda bai fi babban yatsa biyu ba, Shure MVX2U, a gindin makirufon ake maƙala shi ya fita da USB-C. Sharaɗi ɗaya ne babba, dole ya zama irin wanda ba ya buƙatar a sa masa direba, wato ƴar manhajar da ke sa na'ura ta gane shi, don a tabilet ba ka da inda za ka sa direba kamar a Windows. A kwalinsa ko a shafin kamfanin za ka ga an ce yana aiki da iPad ko yana bin tsarin USB na gama-gari, idan ka ga haka to da wuya ya ƙi. Tsofaffin intafes na gwanjo su ne abin lura, wasu ba sa motsi sai da direban kamfaninsu, wasu ma FireWire ne ba USB ba, kada arha ta ruɗe ka.

To ka samu intafes mai kyau, ka jona, fitilarsa ta kawo ta ɗauke ta kawo ta ɗauke, ko ta kawo lafiya lau amma kana danna 48V komai ya mutu. Wannan ita ce matsalar da ta fi kowace cin mutane kuma ba a cika faɗinta ba, wuta. Ƙananan intafes ba su da cajarsu, daga ramin USB suke shan wuta, kuma an ƙera su ne da lissafin kwamfuta, inda USB 2.0 ke ba da miliyam 500, wato rabin amfiya, a bolt 5, USB 3.0 kuma 900. Ita tabilet da batir take rayuwa, rowar wuta take yi. Kuma ka tuna daga bolt 5 ɗin nan ne intafes zai ƙirƙiro bolt 48, ga firiyam, ga hedfon da ka jona yana sha, duk a kan ɗan ramin nan.

Masu iPad mai Lightning, wato siririn ramin cajin Apple na da, su suka fi shan wannan wahalar. Apple ta kawo Lightning a 2012, wutar da yake fitarwa kaɗan ce ƙwarai, kana jona intafes sai saƙo ya fito cewa abin da ka jona yana cin wuta da yawa. Maganinsa adaftar nan da suke kira Lightning to USB 3 Camera Adapter, mai rami biyu, ɗaya na USB ɗaya na caji, ka sa intafes a ɗaya ka sa caja ko fawa bank a ɗayan. Mai rami ɗaya ba zai fisshe ka ba sai in makirufon USB ne ƙarami. Kuma a wannan adaftar kam jabu ya yi yawa, kamanninsu ɗaya sak, wani ya yi aiki yau gobe a sabunta iPad ya daina. Daga 2018 aka fara sa USB-C a iPad Pro, Air ta samu a 2020, mini a 2021, ita gama-garin kuma a 2022 da samfurinta na goma, waɗannan sun fi sakin wuta, ƙaramin intafes yakan tashi kai tsaye da kebul ɗaya. Amma ko ya tashi batirin tabilet ɗin yake zuƙa, ga allo a kunne, idan zaman mai tsawo ne kamar tafsirin azumi sai ka ga batir na zuba kamar an huda shi. Shi ya sa ko da USB-C ne ina ganin gara ka sa ɗan hob, wato abin da ke raba ramin USB ɗaya zuwa da yawa, mai ramin caji a tsakani, fawa bank ta ciyar da tabilet da intafes a lokaci guda. Wata dabarar kuma ita ce rikoda irin Zoom H5 ko H6, suna da ramukan XLR da 48V, suna da batirinsu na AA, kuma ana iya mayar da su intafes, ga shi ranar da tabilet ta ƙi sai ka ɗauka kai tsaye a katinsu.

A ɓangaren Android labarin ya ɗan fi rikici saboda kowane kamfani da halinsa. Tun Android 5.0 a 2014 aka sa tallafin sauti ta USB, amma sai tabilet ɗin tana da OTG, wato ta iya zama ita ce uwar gida mai ba da wuta da umarni. Gwajin ba wuya, jona filas ko linzamin kwamfuta, idan ta gani to tana da shi. Wasu na'urorin sai ka shiga saituna ka kunna OTG da hannu, wasu ma in an yi minti 10 ba a yi amfani da shi ba sai ya kashe kansa. Sannan kebul ɗin ma a duba shi, da yawa daga cikin na caji wayoyin wuta kawai ke ciki babu na bayanai, fitilar intafes za ta kawo ka ce shi ke nan alhali tabilet ba ta san da zamansa ba.

Ko ta gan shi ma, ba kowace manhaja ce ke saurarensa ba. Manhajar kyamara ta wasu tabilet ɗin ba ruwanta da abin da ka jona, na jikinta take bi. Open Camera tana ba ka damar zaɓar makirufon waje. Don ɗaukar sauti zalla kuma akwai USB Audio Recorder Pro da Audio Evolution Mobile da n-Track, su waɗannan suna da nasu direban a ciki, suna magana da intafes kai tsaye ba tare da bin ta Android ba, shi ya sa sukan ga duk layukan intafes ɗin. A iPad GarageBand kyauta ce kuma ta isa farawa, BandLab da Cubasis kuma suna ɓangarorin biyu. Ko wacce ka buɗe, kafin ka fara ka ɗan ƙwanƙwasa kan babban makirufon da farce kana kallon mita, wato ɗan ma'aunin da ke nuna ƙarfin sauti, sannan ka ƙwanƙwasa kusa da na jikin tabilet, wanda ya sa mita ta yi tsalle shi ke ɗauka. Daƙiƙa biyar ne amma yana ceton awa biyu.

Wajen jonawa akwai tsari. Ka mayar da gein, wato abin murɗawar da ke ƙara wa siginar ƙarfi, ƙasa gaba ɗaya, ka sa makirufo, sannan ka kunna 48V in kondensa ne, in ka gama kuma ka kashe 48V tukuna kafin ka zare. Dainamik mai kebul ɗin XLR lafiyayye ba abin da 48V ke yi masa ko an manta a kunne, wani nau'in makirufo da ake kira ribon ne ake taka-tsantsan da shi. Ramin gaban intafes yawanci mai karɓar kai biyu ne, XLR da babban jak a tsakiya, to makirufo ta XLR ake sa shi, in ka bi ta jak ɗin ba za ka samu 48V ba kuma hanyar jita ko kibod ka shiga, murya za ta fito a raunane.

Shi gein kuma, yi magana da ƙarfin da za ka yi a ainihin ɗaukar, ba raɗar gwaji ba, ka murɗa har mita ta riƙa kaiwa wajajen -12 dB, wato ma'aunin ƙarfin sauti, in ka ɗaga murya. Kada ka bari ta taɓa 0, idan ta yi ja muryar ta fashe kuma ba manhajar da za ta ɗinke maka ita yadda take. Wannan ya fi shafar masu ɗaukar wa'azi da waƙa, malam zai fara a hankali ka saita a kan haka, can ya zo inda magana ta yi zafi ya ɗaga, shi ke nan. Ka bar masa fili tun farko. Akasin haka kuma shi ne makirufo mai yunwar gein, Shure SM7B da masu fodkas ke so yana neman kusan 60 dB, ƙananan intafes da yawa sai an murɗa su ƙarshe kafin su kusanci haka, kuma a ƙarshen nan ne shuuu ke fitowa. Shi ya sa ake sa masa Cloudlifter ko FetHead a tsakani su ƙara kamar 25 dB, su kuma da 48V suke aiki, ka ga an sake komawa maganar wuta ke nan.

Ka ɗauka a tsarin fayil na WAV, 24 bit, 48 kHz in bidiyo za a haɗa da shi, 44.1 ma ya yi in sauti ne kawai. Layi ɗaya a 48 da 24 yana cin kusan MB 8.6 a minti, awa ɗaya ta haura MB 500 kaɗan, in sitiriyo ne ka ninka, saboda haka ka duba wurin ajiya tun kafin a fara. MP3 a ƙarshe ake yin sa in za a tura wa mutane a WhatsApp. Kuma makirufo ɗaya layin mono ake buɗe masa. Idan ka buɗe sitiriyo, rami na ɗaya zai tafi kunnen hagu na biyu ya tafi dama, ka saki aiki mutane su yi ta cewa iyafis ɗinsu ɗaya ya mutu.

Hedfon a jikin intafes ake sa shi, domin da zarar ka jona shi sautin tabilet ma can yake komawa, wasu sai su ɗauka sifikar tabilet ce ta lalace. In kana jin muryarka na dawowa a makare kamar wani na maimaita ka, jinkirin zagayen da take yi ne ta cikin tabilet, kuma ya fi yawa a Android, sai ka danna maɓallin jin kai tsaye da ke jikin intafes ka kashe na manhajar. Hedfon Bluetooth kam a ajiye shi gefe, jinkirinsa ya fi yawa, wani lokacin ma ya ƙwace ɗaukar ya mayar da ita kan ɗan makirufonsa mai ingancin kiran waya.

Sai ƙarar da ba ta ɗaki ba. Idan kana jin huuum mai kauri a ƙasan murya, yawanci wutar gida ce, tamu a Najeriya da Nijar 50 Hz take kaɗawa, kuma ta caja take shigowa, musamman caja mai arha ko in janareta ake amfani da shi. Zare cajar daga bango ka saurara, in ya ɗauke to ka gano ɓarawon, koma kan fawa bank. Wannan ɗaya ne daga cikin inda tabilet ta fi kwamfutar tebur, duk kayan naka za su iya tafiya a kan batir ba ruwanka da an kawo ko an ɗauke. Tit-tiri-tit ɗin nan kuma sabis ɗin waya ne, a sa tabilet a yanayin jirgi, wanda dama zai hana kira ya shigo ya katse maka ɗauka, wayoyin mutane kuma a matsar da su daga kebul. In kana buƙatar nisa, XLR za ka tsawaita, shi USB 2.0 in ya wuce mita 5 sai ya fara gardama.

Masu ɗauka a masallaci ko wurin taro galibi ba nasu makirufon za su kafa ba, daga mikisa ko amfilifayar wurin za su ja, irin Ahuja ɗin nan da ke ko'ina. To abin da ke fitowa daga ramin layi na mikisa ya riga ya yi ƙarfi, yana kai bolt ɗaya da ɗan wani abu, ya ninka na makirufo sau ɗaruruwa, saboda haka ta babban jak za ka shigar da shi, a saitin layi, gein a ƙasa, 48V a kashe. Ka nemi ramin da aka rubuta na rikodin ne ko na layi ko AUX. Inda wayoyin lasifika ke fita kuwa kada ka kuskura ka taɓa shi, wannan wutar tura lasifika ce, za ta ƙona maka intafes nan take. Kuma ka sani duk abin da mai kula da mikisa ya yi kai ma ya shafe ka, in ya cika eko to da eko za ka tafi gida, gara ka same shi tun kafin a fara ku yi magana.

In har yanzu ba ka sayi komai ba kuma murya ɗaya za ka riƙa ɗauka, ni da Samson Q2U ko Audio-Technica ATR2100x zan ce ka fara. Dainamik ne, suna da USB suna da XLR a gindi ɗaya, yau ka jona kai tsaye da tabilet ba intafes, wutar da suke ci kaɗan ce, gobe in ka samu intafes ka koma XLR da makirufon nan dai. Kuma a ɗakunanmu masu siminti da fanka da karan babur a waje da awakin maƙwabta, dainamik da ka kusanto da shi baki kamar faɗin tafin hannu ya fi kondensa mai tsada fitar da murya mai tsabta, shi kondensa har ƙarar agogon bango sai ya kwaso maka. Abin da makirufon USB ba ya yi shi ne tafiya biyu, tabilet na'urar sauti ɗaya take karɓa a lokaci guda, in hira ce ta mutum biyu to intafes mai rami biyu za ka nema da makirufo biyu na XLR, kowa da layinsa. Kuma ko me za ka saya, tafi shagon da tabilet ɗinka da hedfon da fawa bank, a jona a gabanka a kunna 48V, ka ɗauki minti ɗaya ka saurara kafin ka ƙirga kuɗi.